Yadda Ake Haɗa Na'urar Auna Danshin Gona Mai Cin Wutarta Daga Rana

Mai noman rani da gonarsa ke nesa da gida ya san tambayar da ke tashinsa kowace asuba: yau a tayar da inji a yi ban-ruwa, ko a bari sai gobe? In ya yi sakaci tumatir ya yi yaushi, in ya yi gaggawa ya ƙona fetur a banza, saiwar ma ta ruɓe saboda yawan ruwa. Abin da za mu haɗa a nan ƙaramar na'ura ce da ake kafawa a cikin gona. Duk bayan minti 15 sai ta farka, ta auna danshin ƙasa da zafinta, ta aiko da saƙo ta rediyo zuwa gida, ta koma barci. Babu wayar wuta, babu canjin batir, babu katin waya a jikinta. Ɗan farantin sola da bai fi tafin hannu ba ya ishe ta.

Akwai wasu hanyoyin tsinto wuta daga muhalli. Ana samunta daga bambancin zafi tsakanin ɓangarori biyu, kamar jikin bututu mai zafi da iskar waje, kuma ƙwayar lantarki (chip) mai suna LTC3108 tana iya tashi daga wutar da ba ta wuce kashi 20 cikin 1000 na volt ɗaya ba. Ana samunta daga girgizar inji. Kamfanin EnOcean na Jamus ma yana ƙera makunnin fitila da danna shi kaɗai ke ba shi wutar aika saƙo. Amma mu da Allah ya hore wa rana, a gona dai babu dalilin wahalar da kai da waɗannan.

Lissafi tukuna, saye daga baya

Yawancin masu fara wannan aiki sukan soma da tambayar girman sola da girman batir. Wannan tambayar ƙarshe ce. Ta farko ita ce: nawa na'urar ke sha tana barci? Domin a cikin sakan 900 da ke cikin minti 15, aikinta bai kai sakan biyu ba. Sauran duka barci ne, kuma a barcin nan ake cin nasara ko a faɗi.

Ana auna wutar da ke gudana da miliam, ana rubuta shi mA. Kashi ɗaya cikin 1000 na miliam shi ne maikro'am, ana rubuta shi µA. Ɗauki biro mu lissafa zagaye ɗaya:

Lokacin aunawa, ƙwaƙwalwar na'urar da sensa biyu, wato masu auna danshi da zafi, suna shan kusan 10 mA na sakan ɗaya. Ninka wutar da yawan sakan, wannan ya ba mu 10. Lokacin aika saƙo, rediyon na shan kusan 90 mA na sakan 0.2. Wannan ya ba mu 18. Lokacin barci, idan an yi aiki mai tsafta, 0.01 mA ne na sakan 900, wato 9. Jimilla 37. Raba da 900, za ka samu kusan 0.04 mA a matsakaici. Ninka da awa 24, sai ka ga na'urar ba ta wuce cin 1 mAh a yini ba, wato kwatankwacin shan miliam ɗaya na awa ɗaya.

To yanzu dubi ɗan jan fitilar nan da ke jikin kusan kowane allon lantarki, wato faifan da ake liƙa ƙwayoyi a kai, wadda ba ta da aiki sai nuna cewa akwai wuta. Tana shan miliam ɗaya ko fiye, dare da rana. A yini 24 mAh ke nan, ninki 24 na abin da duk na'urar ke buƙata. Ragileta, wato ƙwayar da ke daidaita ƙarfin wuta, samfurin AMS1117, wadda ke jikin alluna da yawa masu araha, tana shan kusan 5 mA ko da ba a jona mata komai ba, wato 120 mAh a yini. Wanda ya bar waɗannan a jikin allonsa sannan ya je ya sayo babban sola, kamar mai randa ce mai yoyo da ya ƙara yawan 'yan ga-ruwa maimakon ya liƙe tsagar.

Kayan da za ka tanada

Allon Arduino Pro Mini, amma lallai mai 3.3 V da 8 MHz, ba mai 5 V ba. Ƙwayar da ke kansa ATmega328P ce, tsohuwa ce amma ta iya barci. Sai rediyon LoRa, mai aika gajeren saƙo nesa da ƙaramar wuta, samfurin RFM95W, wanda ke ɗauke da ƙwayar SX1276 ta kamfanin Semtech. Ana sayar da irin waɗannan rediyo a zango 433, 868 da 915 MHz. Na 915 na ƙasashen Amurka ne. A ɓangarenmu na duniya 868 aka fi amfani da shi. Wanda zai kafa da yawa ko zai yi kasuwanci da su, ya duba ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC in a Najeriya yake, ko ta ARCEP in a Nijar.

Sai sensa mai auna danshi irin wadda ba ta da ƙarfe a fili, baƙar nan mai kama da wuƙa da ake kira kafasitif. Ka guji mai ƙafafu biyu na ƙarfe tsirara, tsatsa ke cinye ta cikin ɗan lokaci a jiƙaƙƙiyar ƙasa mai taki. Kafin ka biya kuɗin baƙar, dubi ƙaramar ƙwayar da ke samanta. In an rubuta TLC555, ɗauka. In NE555 ce, ajiye, domin ba ta aiki yadda ya kamata a 3.3 V, kuma irinta ta cika kasuwa. Don zafin ƙasa, DS18B20 mai rufin ƙarfe da doguwar waya, tare da rizista 4.7k guda ɗaya.

Ɓangaren wuta: batirin litiyom irin LiFePO4 guda ɗaya, caja da aka yi domin irinsa, farantin sola mai 5 V da rabin wat zuwa wat ɗaya, da kafasita 100 µF mai ɗan ajiye wuta. Sai mita mai iya auna µA, ƙarfen liƙi da dalma, adaftar USB ta loda shiri, da farin akwatin roba mai hana ruwa shiga.

Wani zai ce me ya hana a ɗauki allon ESP32 maimakon Pro Mini tunda ya fi ƙarfi kuma yana da Wi-Fi? Ƙwayar kanta tana iya barci da kusan 10 µA, gaskiya ne, amma allunan da aka saba samu suna ɗauke da ragileta da ƙwayar USB masu shan wuta ko da tana barci, Wi-Fi kuma ba ya nisa. Ajiye shi, yana da aiki a gida.

Mataki na farko: rage wa allon kaya

Ɗauki Pro Mini ka nemo fitilar da ke kunnuwa da zarar an ba shi wuta. Ɗora bakin ƙarfen liƙi a gefenta, ka tura ta a hankali har ta fice. In kana jin tsoron taɓa ta, cire ƙaramar rizistar da ke kusa da ita, duk ɗaya ne. Sannan ka cire ragileta, ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu biyar da ke kusa da ƙafar RAW. Ko ba ta hanyarta kake ba da wuta ba, tana tsotsar wani abu ta baya. Zuba dalma ta haɗe ƙafafun gefe ɗaya, ɗaga, sannan ɗaya gefen. Share wurin ka tabbata babu dalmar da ta haɗa ƙafa biyu.

Daga yanzu allon ba shi da mai kare shi. Wutar da ka sa a ƙafar VCC ita za ta isa ƙwayar da rediyon kai tsaye. Rediyon ba ya ɗaukar fiye da 3.7 V. Wannan ne ya sa muka zaɓi LiFePO4, wanda ke zama a kusan 3.2 V kuma cikarsa 3.6 V. Haka nan duk lokacin da za ka loda shiri, saita adaftar a 3.3 V, kuma kada wutarta da ta batir su haɗu a kan allon lokaci guda. Cire ɗaya.

Mataki na biyu: rediyo da sensa

Ƙafafun RFM95W sun fi na allon gwaji matsuwa, tazararsu milimita 2 ce, don haka ko ka sayi ɗan allon da ake ɗora shi a kai, ko ka liƙa gajerun wayoyi kai tsaye. Haɗin kuwa ga shi: MOSI zuwa 11, MISO zuwa 12, SCK zuwa 13, NSS zuwa 10, RESET zuwa 9, DIO0 zuwa 2, sai wuta da GND. Liƙa kafasita 100 µF dab da ƙafafun wutar rediyon, domin lokacin aikawa yakan fizgi wuta nan take, in babu mai tare masa sai allon ya sake tashi daga farko.

Eriya ba ta buƙatar kuɗi. Yanki wayar tagulla mai ƙwari, tsawon santimita 8.6 idan 868 ne, ka liƙa a ƙafar ANT ta tsaya a miƙe. Abu ɗaya da ba a wasa da shi: kada ka taɓa bari rediyon ya aika saƙo babu eriya a jikinsa, yana iya ƙonewa a take.

Sensa biyun kuma ba daga batir za su sha wuta ba. In ka jona su a VCC, mai auna danshi ita kaɗai za ta riƙa shan kusan 5 mA ba dare ba rana, lissafinmu ya rushe. Dabarar ita ce a ba su wuta daga ƙafafun ƙwayar, waɗanda kowace ke iya ba da 20 mA cikin kwanciyar hankali. Jan wayar mai auna danshi ta tafi ƙafa ta 7, wayar karatunta ta tafi A0. Jan wayar DS18B20 ta tafi ƙafa ta 8, wayar bayananta ta tafi ta 4. Rizista 4.7k ta zauna tsakanin 4 da 8, ba tsakanin 4 da batir ba. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, su yi ta neman inda wuta ke zurarewa.

Mataki na uku: shirin da za ka loda

A manhajar Arduino ka sauko da ɗakunan shiri (library) huɗu, wato shirye-shiryen da wasu suka riga suka rubuta: LowPower, LoRa, OneWire da DallasTemperature. Tsarin zagaye ɗaya shi ne wannan.

Na'urar ta farka, ta kunna ƙafa ta 7 da ta 8. Ta umarci DS18B20 ya auna zafi. Yana buƙatar sakan 0.75 kafin ya gama a mafi ingancin karatunsa. Wannan jiran ba asara ba ne, a cikinsa mai auna danshi ke samun natsuwa, don haka sai ƙarshensa za ka karanta A0. Karanta sau goma ka ɗauki matsakaici. Daga nan ta kashe ƙafafun biyu, ta auna ƙarfin batir, ta haɗa saƙo, ta aika.

Saƙon ya zama gajere. Kada ka aika jimla irin "danshi kashi 43 ne". Aika lambobi zalla: lambar na'urar, lambar saƙon da ke ƙaruwa da ɗaya kowane zagaye, danshi, zafi, batir. Duka ba su kai baiti 10 ba. Lambar saƙon nan kada ka raina ta, ita za ta nuna maka nawa suka ɓace a hanya, kuma in ka ga ta koma sifili ka san na'urar ta mutu ta sake tashi.

LoRa yana da saiti daga SF7 zuwa SF12. Kowane hawa ɗaya yana ƙara nisa, amma yana kusan ninka lokacin da saƙo ke ɗauka a iska. Ɗan saƙonmu a SF7 kusan sakan 0.04 ne, a SF9 kusan 0.15, a SF12 kusan sakan guda cur. Fara da SF9. Kada ka hau sama sai gwaji ya nuna dole.

Da zarar an gama aikawa, kira LoRa.sleep(). In ka manta, rediyon zai zauna a tsaye yana jiran umarni yana shan kusan 1.6 mA, alhali a barci bai kai 1 µA ba. Sannan ƙwayar kanta ta kwanta da LowPower.powerDown(SLEEP_8S, ADC_OFF, BOD_OFF). Mafi tsawon barcin da agogonta na ciki ke bayarwa sakan 8 ne, don haka maimaita shi sau 112 ka samu kusan minti 15. Agogon nan ba ya cika daidai, yana gaba ko baya gwargwadon zafi, saboda haka na'urar gida ce za ta riƙa sa wa saƙo lokaci. In kana da na'urori da yawa a gona ɗaya, ƙara wa kowace 'yan sakanni na ba-zata a barcinta don kada su riƙa magana tare. Ƙafafun da ba ka yi amfani da su ba kuma ka saita su INPUT_PULLUP, ƙafar da aka bari tana lilo tana jan wuta.

Auna batir ba ya buƙatar ƙarin kaya tunda shi ke ciyar da ƙwayar kai tsaye. ATmega328P tana da ma'aunin 1.1 V a cikinta, kana kwatanta shi da VCC ka fitar da ƙarfin batir. Ma'aunin yakan ɗan bambanta daga ƙwaya zuwa ƙwaya, don haka gwada da mitarka sau ɗaya ka gyara lambar. Sai ka koya wa na'urar tattali: in batir ya sauka ƙasa da 3.1 V ta koma aikawa sau ɗaya a awa, in ya sauka ƙasa da 2.9 V ta daina aikawa gaba ɗaya, ta yi ta barci har rana ta cika shi. Bai kamata LiFePO4 ya sauka ƙasa da 2.5 V ba.

Mataki na huɗu: auna barcin

Wannan matakin ne na fi so mai karatu ya ba lokaci, domin shi ne bambancin na'urar da za ta kai ƙarshen kaka da wadda za ta mutu cikin mako biyu.

Cire adaftar USB gaba ɗaya. Sa mita tsakanin batir da VCC, a saitin µA. Akwai wata matsala a nan: a wannan saitin mitar kanta tana tare hanya, don haka da rediyon ya fizgi 90 mA sai wutar ta faɗi, allon ya yi ta sake tashi, ba za ka taɓa ganin barcin ba. Maganinta sauƙi ne. Ɗauki guntuwar waya ka haɗe bakunan mitar biyu, ka bar na'urar ta tashi, ta aika, ta kwanta. Sannan ka zare guntuwar wayar ka karanta.

In ka ga tsakanin 5 da 10 µA, barka, aikinka ya yi kyau. Mafi yawansa agogon farkawa ne. In ka ga kusan 1600 µA, rediyo bai yi barci ba. In ka ga kusan 5000, mai auna danshi tana shan wuta har yanzu. In ɗaruruwa ne, duba ADC_OFF, duba rizistar 4.7k, duba ƙafafun da aka bari sake. In goma-goma ne, wataƙila ragowar man liƙi ne ko datti tsakanin ƙafafu. Wanke allon da sifirit ka bar shi ya bushe. Riƙa cire abu ɗaya-ɗaya kana kallon mita har ɓarawon ya bayyana. Kada ka wuce wannan mataki da cewa ai sola zai cike giɓin. Zai cike a watan Maris. Ba zai cike ba ranar da ƙura ta rufe shi ko tsuntsu ya yi masa kashi kana gida ba ka sani ba.

Mataki na biyar: sola, caja da batir

Tunda cinmu 1 mAh ne a yini, batir LiFePO4 mai girman ƙaramin batir na AA, wanda ake kira 14500 mai kusan 600 mAh, zai riƙe na'urar watanni masu yawa ko rana ba ta fito ba. Farantin rabin wat yana ba da kusan 100 mA a tsakar rana, wato awa ɗaya tasa ta biya cin wata uku. Ka ga ke nan girman sola bai taɓa zama matsala ba.

Matsalar ita ce zafi. Daga Maris zuwa Mayu iska kanta tana haura digiri 40 a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Maraɗi, cikin rufaffen akwati kuwa ya fi haka. Batirin litiyom na yau da kullum, irin 18650 na tocila da na fawa-banki, ba a so a yi cajinsa sama da digiri 45, ga shi kuwa lokacin da rana ta fi zafi shi ne lokacin da sola ke tura masa caji. LiFePO4 ya fi shi jure zafi kuma ya fi shi wuyar kamawa da wuta, shi ya sa na fi natsuwa da shi a gonar da ke da busasshiyar ciyawa kewaye.

Kula da caja sosai. TP4056 da ke ko'ina tana cika batir zuwa 4.2 V, an yi ta ne don litiyom na yau da kullum. In ka sa ta a LiFePO4 ka lalata batir, ka kuma ƙona rediyo. Nemi mai tsayawa a 3.6 V, kamar CN3058, ko TP5000 da aka saita a 3.6. Kafin ka jona, kai farantin rana ka auna shi babu komai a jikinsa. Mai 5 V yakan nuna kusan 6, mai 6 V yakan haura 7. Tabbata lambar ba ta wuce abin da takardar cajar ta yarda ba. Bayan ka jona, rufe farantin da baƙin ƙyalle ka sake auna abin da ke fita daga batir. Wasu cajojin suna da fitilu ko suna tsotsar wuta da dare. In haka ne, cire fitilun ko ka canza caja.

In ba ka samu LiFePO4 ba sai 18650, yana yiwuwa, amma dole ka sa ragileta mai ƙaramin ci kamar MCP1700 mai 3.3 V, wadda ba ta wuce shan 2 µA ba, ka kuma ɓoye batirin daga rana sosai. Duk 18650 da ka ga an rubuta masa 9900 mAh jabu ne, na gaskiya ba su cika wuce 3500 ba.

Akwai masu son su rabu da batir ɗungurungum su sa sufa-kafasita, wato kafasita mai ajiye wuta da yawa. Yana da kyau mutum ya san iyakarta. Biyu masu 10 F da 2.7 V a jere suna zama 5 F. In suka sauka daga 5.0 V zuwa 3.4 V ta bayan ragileta, abin da suka bayar shi ne 5 F sau 1.6 V da suka sauka, wato 8, wanda in aka mayar da shi mAh ya yi daidai da kusan 2.2 mAh. Kwana biyu ke nan a lissafinmu, kafin a cire abin da ke zurarewa da kansa, wanda zafi ke ƙara shi. Zai yi aiki, amma sai barcin na'urarka ya zama mai tsafta ƙwarai. Idan kuma a cikin rumbu ko ɗakin ajiyar albasa za ka kafa, inda haske kaɗan ne, caja ta yau da kullum ba za ta tashi ba. Nan ne ake neman ƙwaya irin BQ25570 ta Texas Instruments, wadda cinta bai kai 1 µA ba, kuma takan riƙe farantin a kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin da yake nunawa in babu komai a jikinsa don ta tatso iyakar abin da zai iya bayarwa.

Mataki na shida: koya wa sensa ƙasar gonarka

Lambar da A0 ke bayarwa ba kason danshi ba ce, lamba ce kawai da ke sauka idan ƙasa ta jiƙe. Ma'anarta ta dogara da irin ƙasar. Jigawa mai rairayi da laka ta fadama ba za su ba da lamba ɗaya ba ko da ruwa ɗaya aka zuba musu, kuma sensa biyu daga kwali ɗaya ma sukan bambanta.

Da farko shafe gefunan sensar da gam mai ƙarfi ko jan farce, domin ta nan ruwa ke shiga jikin allon. Saman da ke da ƙwayoyin kuma ka rufe shi ruf da gam. Ɗebo ƙasa daga gonar cikin bokiti mai huji a ƙasa, ka shanya ta bushe ƙamas, ka soka sensar ka rubuta lamba. Zuba ruwa har ya riƙa fita ta hujin, ka bari ya tsane kwana ɗaya, ka sake rubutawa. Waɗannan biyu su ne iyakokinka. Lamba ta uku kuwa, wadda ta fi su amfani, manomi ne zai ba ka ita. Ranar da ya damƙi ƙasa a hannu ya ce yau tana son ruwa, duba abin da na'urar ta ce a wannan lokacin ka ajiye. Bayan 'yan ban-ruwa za ka ga lambar tana maimaita kanta.

Mataki na bakwai: kafawa

Akwatin ya zama na roba, fari. Na ƙarfe yana toshe rediyo. Duk hujin waya ya kasance ta ƙasa, kowace waya kuma ta ɗan yi lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga, don ruwa ya ɗiga a waje. Toshe hujin da kyau, tururuwa na son irin wannan ɗaki. Jefa 'yar jakar nan mai tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Ɗaura akwatin a ƙarƙashin farantin ya sha inuwarsa, da tazarar da iska za ta ratsa.

Sandar ta zama bututun ƙarfe ko na roba mai kauri, gara ba ta barin itace. Tsawonta ya kai mita biyu, domin eriya ta fi jin daɗi a sama, awaki ma ba za su kai ba. Eriyar ta tsaya a tsaye, kuma kada ta manne da sandar ƙarfe. Wayar sensa ka zura ta cikin tiyo ka binne, saboda ɓera da fartanya.

Farantin ya kalli kudu, ya kwanta da kusan digiri 10 zuwa 15. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, kuma mafi yawan lokacin noman rani rana ta ɓangaren kudu take bi. Kada ka shimfiɗe shi kwance sosai, ƙura da ruwa za su zauna a kai. Lura da inuwa: ƙananan ɓangarorin farantin a jere aka haɗa su, ganye ɗaya da ya rufe guda yana iya kashe yawancin wutar. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, duk wanda ya je gona ya goge shi da ɗanyen ƙyalle.

Sensar danshi ta shiga inda saiwa take, kusan santimita 15 zuwa 20 ga tumatir da tattasai, zurfin da bai kai haka ba ga albasa mai gajeriyar saiwa. Kada ka sa ta a bakin hanyar ruwa ko a tudun da ruwa ba ya kaiwa. Danne ƙasa a jikinta sosai, domin iska a gefenta tana sa ta ce ƙasa ta bushe alhali a jiƙe take.

Na'urar gida da gwajin nisa

A gida ne ESP32 ke da amfani. Haɗa shi da wani rediyon LoRa mai zango da saiti iri ɗaya, ka ba shi wuta daga solar gida, domin shi kullum kunne a buɗe yake. Yana iya nuna karatun a ƙaramin gilashi, ko ya tura shi intanet ta wayarka. Mai son saƙon tes ya ƙara allon SIM800L mai ɗaukar katin waya, amma ya sani takan fizgi har am biyu nan take, tana son wuta mai ƙarfi. Ɗaga eriyar gida sama da rufin kwano iyakar iyawarka. Mita ɗaya na tsawo ya fi ƙarin ƙarfin aikawa amfani.

Kafin ka kafa dindindin, saita na'urar ta riƙa aikawa duk sakan 10, wani ya hau babur da ita zuwa gona, kai kana gida kana kallon lambar RSSI, wadda ke nuna ƙarfin siginar da ta iso. A SF9 rediyon yana ji har kusan -129. Kada ka yarda da wurin da saƙo ke isowa da ƙyar, ka bar rarar akalla 10, domin gonar da ke fili yau za ta cika da masara ko rake gobe, ganye mai ruwa kuwa yana shanye sigina.

Makon farko bayan kafawa, lambar da za ka fi sa wa ido ita ce ƙarfin batir da asuba, kafin rana ta taɓa farantin. In kullum yana dawowa wajen 3.3 V, lissafinka ya tsaya. In yana raguwa kaɗan-kaɗan kowace safiya, kada ka jira ya mutu. Je ka duba farantin da wayoyinsa, in lafiya suke ka kwanto akwatin ka maida shi kan mita.